Ambaliya, ƙishirwa da ɓatan hanya: waɗanne littattafai ke koya wa mutum tsira da ransa?

Daminar shekarar 2024 ta bar tabo a ƙasar Nijar. Alƙaluman hukumomi sun nuna cewa mutane fiye da 300 ne suka rasa rayukansu, ambaliya kuma ta shafi sama da mutum miliyan guda, inda jahar Maraɗi ke cikin waɗanda suka fi jin jiki. A Damagaram, tsohon masallacin unguwar Birni da aka gina tun ƙarni na 19 ya rushe a farkon watan Satumba. Sai da gwamnati ta ɗage komawa lakwal zuwa ƙarshen Oktoba, saboda azuzuwa da yawa sun zama matsugunin waɗanda gidajensu suka faɗi.

Shekaru goma sha ɗaya kafin nan, cikin watan Oktoba na 2013, an tsinci gawarwakin mutane 92 a hamada tsakanin Arlit da iyakar Aljeriya, 52 daga cikinsu yara ne. Motocin da suka ɗauko su ne suka lalace, ƙishirwa ta kashe su. Akasarinsu daga yankin Kance suka fito. A watan Yuni na 2017 aka sake samun wasu 44 da suka mutu ta irin wannan hanya a arewacin ƙasar.

Rai a hannun Allah yake, amma Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Akwai littattafai da yawa da aka rubuta kan yadda mutum ke kuɓuta in ya faɗa cikin daji, hamada ko bala'i. Wasu na da amfani ƙwarai, wasu labari ne kawai mai daɗin karatu, wasu kuma na ɗauke da shawarwarin da za su iya hallaka wanda ya bi su. Aikin mai karatu shi ne ya san yadda zai tantance.

Iri uku ne

Littattafan wannan fanni sun kasu kashi uku. Na farko su ne na koyarwa, masu nuna yadda ake tsabtace ruwa, tsayar da jini, ɗaure karaya ko neman hanya. Na biyu su ne labaran waɗanda suka shiga halaka suka fita. Na uku su ne binciken masana a kan ƙasa, itatuwanta da tarihin yunwoyinta. Na farko yana koyar da hannu, na biyu yana shirya zuciya, na uku kuma yana sanar da mutum wurin da yake zaune. Wanda ya karanta iri ɗaya kaɗai ya samu sulusin ilimin ne.

Littattafan koyarwa

In gida zai mallaki littafi guda tak, wanda ya fi dacewa shi ne “Là où il n'y a pas de docteur”, wato inda babu likita. David Werner ne ya rubuta shi da harshen Sifaniyanci a farkon shekarun 1970, domin ƙauyawan duwatsun ƙasar Meziko. An fitar da shi da Ingilishi a 1977, an kuma fassara shi cikin harsuna fiye da 80. Ƙungiyar ENDA da ke Dakar ta buga shi da Faransanci bayan ta daidaita shi da yanayin Afirka. Ƙarfinsa shi ne an rubuta shi ne domin wurin da asibiti ke nesa, da kalmomi masu sauƙi da zane-zane, kuma yana faɗa wa mai karatu lokacin da ya zama dole ya bar dabarun gida ya nufi likita.

Irin ilimin da ke cikinsa ne ake buƙata bayan ambaliya, lokacin da rijiyoyi da salga suka gauraya, gudawa da amai suka kama yara. Haɗin ruwan gishiri da sukari da hukumomin lafiya na duniya suka amince da shi a gida bai wuce lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokalin shayi shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri ba. Abu ne da ba ya cin kuɗi, amma wanda bai san awon ba yana iya cika gishiri ya ƙara wa yaro wahala.

Ga magajin gari, mai unguwa, daraktan lakwal ko shugaban ƙungiyar da ke karɓar 'yan ambaliya, littafin da ya kamata su sani shi ne “Le manuel Sphère”, wanda manyan ƙungiyoyin agaji suka haɗu suka tsara, aka kuma sabunta shi a 2018. Shi ne ke ƙayyade mafi ƙarancin abin da ya kamata a tanadar wa wanda bala'i ya raba da gidansa: kimanin lita 15 na ruwa ga kowane mutum a rana domin sha, dafuwa da tsabta, da makewayi ɗaya ga mutum 20. Wanda ya san waɗannan alƙaluma ya san abin da zai nema a madadin jama'arsa.

A fannin daji da hamada, littattafai biyu ne suka fi shahara a wajen masu jin Faransanci. Ɗaya shi ne “Aventure et survie” na John Wiseman, tsohon sojan Ingila da ya yi shekaru 26 a rundunar SAS, wanda ya fitar da asalin littafin a 1986. Ɗayan shi ne “Survivre” na likitan Faransa Xavier Maniguet, da ya fito a 1988. Na Wiseman ya fi yawan zane da dabarun hannu, kamar ƙulli, kunna wuta, yin inuwa da ba jirgin sama alama. Na Maniguet ya fi bayyana abin da zafi, sanyi, ƙishirwa da dafi ke yi wa jikin mutum. Sai dai dukansu an rubuta su ne da matafiyin Turai a zuci. Babi-babi ne a kan ƙanƙara, teku da kurmi, alhali abin da ya fi kashe mutane a daminar Nijar shi ne rushewar ɗakin laka da nutsewa cikin ruwa. Don haka a ɗauki abin da ya dace, a tsallake sauran.

Yadda ake gwada littafi kafin a saya

Hanya mafi sauri ita ce a buɗe shafin saran maciji. Tsofaffin littattafai da yawa suna cewa a tsaga wurin, a tsotse dafin, a ɗaure gaɓar tamau, ko a manna baƙin dutsen nan da ake kira “pierre noire”. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi watsi da duk waɗannan. Tsagawa na ƙara zubar jini, musamman in kububuwa ce ta yi saran, domin dafinta na hana jini daskarewa. Ɗauri mai tsanani kuma na iya kashe gaɓar. Abin da ake so shi ne a kwantar wa mutum da hankali, a cire zobe ko munduwa, a hana gaɓar motsi, a gaggauta kai shi asibitin da ke da allurar kashe dafi. Littafin da ya ce a tsotsa ya tsufa, ko da bangonsa sabo ne.

Gwaji na biyu shi ne shafin ƙuna. In ya ce a shafa mai, man shanu ko man goge haƙori, a ajiye shi. Daidai shi ne a yi ta zuba ruwa mai sanyi, mai tsabta, na tsawon minti goma zuwa ashirin.

Gwaji na uku shi ne maganar ruwa a hamada. Wani masani mai suna Edward Adolph, da ya yi bincike a kan sojojin Amurka a hamada, ya wallafa sakamakonsa a 1947. Ya nuna cewa mai tafiya cikin tsananin rana na iya zubar da gumin da ya kai lita guda a cikin awa ɗaya, kuma jiki ba ya sabawa da rashin ruwa komai horon da aka yi masa. Ma'ana, gumi ake tattali, ba wai a hana kai sha alhali ruwa na cikin jarka ba. A zauna a inuwa da rana, a rufe jiki da kai, a rage magana da motsi, in tafiya ta zama dole a yi ta da dare ko da asuba. Ƙa'idar da ake yawan maimaitawa cewa mutum na yin kwana uku ba ruwa ba ta da tabbas a watan Afrilu ko Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 45. Haka nan dabarar da littattafai da yawa ke zanawa, ta haƙa rami a rufe da leda domin tara raɓa: a busasshiyar ƙasa, gumin da mutum zai zubar wajen haƙa ramin ya kan fi ruwan da zai samu.

Littafin kirki kuma zai ce in mota ta lalace a tsaya kusa da ita, muddin akwai wanda ya san hanyar da aka bi da ranar da ake jiran isowa. Mota na ba da inuwa, kuma masu nema sun fi saurin hango ta bisa mutum guda a ƙasa. Wannan ne ya sa sanar da 'yan uwa ko jami'ai kafin a tashi yake cikin manyan dabarun tsira, tun ba a bar tasha ba.

Shaharar marubuci ba hujja ba ce. A 1952, likitan Faransa Alain Bombard ya ƙetare tekun Atlantika cikin kwana 65 a ƙaramin jirgin roba, ya rubuta “Naufragé volontaire”, inda ya ce mutum na iya shan ruwan teku kaɗan-kaɗan ya rayu. Wani likita Bajamushe, Hannes Lindemann, wanda shi ma ya ƙetare tekun shi kaɗai, ya musanta hakan, kuma a yau masana sun haɗu a kan cewa ruwan gishiri ƙara ƙishirwa yake. Littafin Bombard na da daɗin karatu, amma ba a ɗaukar wannan shawara tasa.

Labaran waɗanda suka tsira

A ƙarshen watan Disamba na 1935, jirgin Antoine de Saint-Exupéry ya faɗi a hamadar da ke tsakanin Libiya da Masar, shi da makanikensa André Prévot. Kwana uku suna fama da ƙishirwa da gizon ido, sai a rana ta huɗu wani Balarabe makiyayi ya same su. Labarin na cikin “Terre des hommes” da ya fito a 1939. Akwai darasin da ya shafi kowane direba a ciki: sun tara raɓa da ƙyallen laimar sauka, suka zuba ta cikin tankin jirgin, ruwan ya gurɓace, suka yi ta amai, suka ƙara rasa ruwan jikinsu. Jarkar da ta taɓa ɗaukar mai ko maganin ƙwari ba ta zama ta ruwan sha.

Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya zauna a Agadas a 1850, ya kuma ratsa Tasawa da Damagaram, ya kusa mutuwa tun tafiyarsa ba ta yi nisa ba. A watan Yuli na 1850 ya bar ayari ya hau dutsen Idinen kusa da Gat shi kaɗai, duk da an gargaɗe shi. Ruwansa ya ƙare, ya ɓace, har ta kai shi ga tsotsar jinin hannunsa, kafin wani Ba'abzine ya bi sawunsa ya gano shi. Shi da kansa ya rubuta wannan a littafin tafiyarsa, wanda aka fassara da Faransanci. Ilimin boko bai cece shi ba, mai sanin sawu ne ya cece shi.

Masu karatun Hausa ma suna da nasu. Dorugu, yaron da aka haifa a yankin Kance, aka kama shi bawa, daga baya aka 'yanta shi, ya bi Barth ya ƙetare Sahara a 1855 har Tarabulus da Landan. Labarin rayuwarsa da ya faɗa da bakinsa ya fito cikin littafin “Magana Hausa” a 1885, kuma yana cikin tsofaffin labaran tafiya da ake da su da harshen Hausa. Sai “Shaihu Umar” na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da aka fara bugawa a 1934. Ƙagaggen labari ne, amma yana nuna wa matashi abin da ƙetare hamada ke nufi, da yadda guguwar rairayi ke cinye ayari.

Daga nesa kuma akwai “Les Survivants” na Piers Paul Read, labarin jirgin ƙasar Yurugwai da ya faɗi a duwatsun Andes ranar 13 ga Oktoba, 1972, da mutum 45 a ciki. Mutum 16 suka rayu bayan kwana 72 cikin ƙanƙara. Abin da aka fi tunawa shi ne larurar da ta kai su ga cin naman mamatansu, amma abin koyi shi ne yadda suka raba aiki, wasu na jinya, wasu na narka ƙanƙara, da yadda biyu daga cikinsu suka yi tafiyar kwana goma neman taimako bayan sun ji a rediyo an daina nemansu.

Akwai kuma littafin da ke koyarwa ta hanyar kuskure: “Voyage au bout de la solitude” na Jon Krakauer, kan wani saurayi Ba'amurke da ya shiga dajin Alaska a 1992 ba tare da cikakkiyar taswira ba. Da ya so fitowa, sai ya tarar kogin da ya ƙetare cikin sauƙi ya cika ya tumbatsa, ya koma, yunwa ta kashe shi. Duk wanda ya san Gulbin Maraɗi ko koramun Adar da Abzin zai gane wannan: busasshen kwari da safe na iya zama kogi da yamma. Hukumar yanayi ta Amurka na gargaɗin cewa ruwa mai gudu da zurfinsa bai wuce santimita 15 ba na iya kayar da babban mutum, santimita 30 kuma na iya ɗaga ƙaramar mota.

Abin da ke faruwa a cikin kai

Ga masu jin Ingilishi, akwai littattafan da suka duba dalilin da ya sa wasu ke tsira wasu ba sa tsira a wuri ɗaya. 'Yar jaridar Amurka Amanda Ripley, a littafinta “The Unthinkable” na 2008, ta nuna cewa mafi yawan mutane ba firgita suke fara yi ba, musun abin suke yi. Sukan ce ruwan zai tsaya, bangon zai riƙe, sai su tsaya tattara kaya. Bayan musu sai shawara, sannan aiki. Masanin halayyar ɗan Adam John Leach ya ƙiyasta cewa kusan kashi uku cikin huɗu na mutane kan daskare ne a lokacin haɗari, su rasa abin yi. Maganin da duka biyun suka nuna shi ne sanin abin da za a yi tun kafin ranar. Iyalin da suka riga suka yanke inda za su kwana in bango ya jiƙe ya fara tsagewa, da wanda zai ɗauki wane yaro, sun rage wa kansu mintocin musu.

Sanin ƙasar da ake zaune

Masanin tarihi ɗan Nijar Boureima Alpha Gado ya wallafa “Une histoire des famines au Sahel” a 1993, inda ya bi diddigin manyan yunwoyin ƙarni na 19 da na 20, da dabarun da talakawa suka yi amfani da su. A ƙasar Hausa har yanzu ana tuna Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, da El-Buhari ta 1984, wadda ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya. Edmond Bernus, a cikin “Touaregs nigériens” na 1981, ya tattara ilimin makiyayan Abzin da Azawak a kan rijiyoyi, makiyaya da abincin daji. Michel Arbonnier kuma ya yi babban littafi mai hotuna a kan itatuwa da tsirran yankunan da ke da ƙarancin ruwa a Afirka ta Yamma.

Amfanin waɗannan shi ne suna magana a kan aduwa, magarya, goruba, jiga, tafasa, ƙarangiya da anza, ba itatuwan Turai ba. Amma a nan ne iyakar littafi ke bayyana. Hoto zai nuna anza, sai dai tsohuwar da ta ga 1984 ce za ta nuna yadda ake jiƙa dilo kwanaki ana sauya ruwa har ɗacinsa ya fita. Haka madugun da ke jan ayarin gishiri daga Agadas zuwa Fashi da Bilma yake karanta taurari da rairayi ba tare da takarda ba. Matambayi ba ya ɓata: a karanta, sannan a kai abin da aka karanta gaban wanda ya sani.

Ina ake samun su?

Ɗakunan karatu na jami'o'in Abdou Moumouni a Yamai, Dan Dicko Dankoulodo a Maraɗi, André Salifou a Damagaram da Djibo Hamani a Tawa su ne wuraren farko da za a tambaya, tare da cibiyar bincike ta IRSH a Yamai ga littattafan tarihi. Masu shimfiɗa tsofaffin littattafai a bakin kasuwa ma sun cancanci a leƙa su, amma a duba shekarar bugu, musamman ga littafin lafiya. A intanet, littafin Sphère kyauta ne da Faransanci, ƙungiyar Hesperian na ba da damar karanta littattafanta na lafiya, ɗakin karatun Gallica na Faransa na da tsofaffin labaran matafiya, cibiyar IRD kuma ta saka ayyukan masana da yawa a kan Nijar.

Wanda ya sauke littafi a waya ya tuna cewa ranar ambaliya wuta na ɗaukewa, batir na mutuwa. Gara a buga shafukan da suka fi muhimmanci a takarda, a naɗe su cikin leda tare da takardun haihuwa da na gida. Shafukan su ne na haɗin ruwan gishiri da sukari, na tsabtace ruwa ta hanyar tafasawa ko ƙwayar Aquatabs bisa umarnin da ke jikin takardarta, na saran maciji, ƙuna da tsayar da jini. A rubuta lamba 18 ta 'yan kwana-kwana a bangon farko.

Da yake mafi yawan waɗannan littattafai ba da Hausa suke ba, nauyi ya rataya a kan masu jin Faransanci. Malamin lakwal, ma'aikaciyar jinya ko ɗalibin jami'a na iya karanta babi guda ya fassara wa 'yan fada, mata a wurin taro ko masu sauraron rediyon gari. Akwai kuma abin da sai an gwada da hannu, kamar ɗaure karaya ko farfaɗo da wanda aka tsamo daga ruwa, kuma ƙungiyar Croix-Rouge ta Nijar na ba da horon agajin gaggawa. Mafi kyawun lokacin yin duk wannan shi ne bazara, kafin hadarin farko ya haɗu, ko kafin a biya kuɗin motar arewa.